Ruwan da Ke Komawa Baya

Ƙarfe goma saura na safiyar Alhamis Zulfa ta iso shagon yayanta Isa, rungume da jakar kwamfutarta da ta naɗe cikin leda biyu, saboda yayyafin da ake yi tun asuba. Shagon gyaran waya ne ɗan ƙarami a bayan kasuwar Haɗeja. Abu biyu ne suka kawo ta: solar da Isa ya ɗora a kan rufin, da kuma sabis, don a gidansu sai mutum ya tsaya jikin katanga yana ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita.

Wata biyar ke nan da ta gama bautar ƙasa. Kimiyyar kwamfuta ta karanta, kuma 'yan ajinsu duk sun watse neman aikin banki ko koyarwa. Ita kuwa ta kafe a kan abu ɗaya, wato ƙera wasannin bidiyo. Mahaifinta Malam Umara, wanda ya taso a bakin Tafkin Cadi yana su kafin ya dawo nan ya kama noman shinkafa, bai taɓa hana ta ba. Sai dai duk ranar da aka tambaye shi aikin 'yarsa, iyakar abin da yakan ce shi ne, “Tana nan tana harkar kwamfuta.”

Wurare da dama ta tura takardunta. Ɗaya ne kawai ya amsa, wani ƙaramin kamfani a Legas mai yin wasannin waya. Sun ga wasan da ta tura, sun ce za su yi magana da ita ta bidiyo yau da ƙarfe goma sha ɗaya.

Sunan wasan Kacala. Mai wasa yana tuƙa kwalekwale da gora daga ƙauye zuwa wurin su, ta cikin ƙananan hanyoyin ruwa da ciyawar kacala ke toshewa, yana sare ta da lauje yana buɗe hanya. Kusan shekara biyu ta yi tana gina shi.

Isa ya share mata teburinsa, ya ture kwalin matattun wayoyi gefe, ya jona mata caji a jikin inbata, na'urar da ke ba da wutar solar. Amma hankalinsa ba ya wurin. Makon nan duk garin idonsa na kan kogi. Ruwa ya riga ya shanye gonaki a ƙauyukan gabas, maza kuma sun tare a jingar da ta kewaye gari suna ɗura ƙasa a buhu. Malam Umara ma can yake tun jiya.

Wayar Isa ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canja.

“Jinga ta tsage ta wajen unguwarmu,” ya ce, yana neman takalmin robarsa. “An ce duk wani namiji ya fito.”

“Baba fa, Yaya?”

“Shi ne ya sa aka kira ni. Lafiyarsa ƙalau.” Ya tsaya a bakin ƙofa. “Ke ki yi abin da ya kawo ki. In kin ga ruwa na shigowa, ki cire batirin nan ki ɗora shi sama, kar ki bari ya taɓa shi. Kin ji ko?”

Ta gyaɗa kai. Ya tare babur ya tafi, ya bar ta da ƙarar yayyafi a kan kwano.

Sha ɗaya daidai aka kira. Mutum biyu suka bayyana a fuskar kwamfutar. Ɗaya namiji ne mai gilashi da furfura a gemu, shi ne shugaban kamfanin. Ɗayar mace ce siririya da ɗankwali, ta ce sunanta Falmata, ita ce shugabar masu rubuta shirin wasanni. Da Turanci aka fara. Suka tambaye ta makaranta, suka tambaye ta kayan aikin da ta iya. Ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Har ta fara jin cewa abin zai zo da sauƙi.

Sai mai gilashin ya cire gilashinsa ya ajiye.

“Malama Zulfa, akwai abin da ya sa muka kira ki, kuma gara in faɗa miki kai tsaye. Wannan wasan, ba daga wurinki muka fara ganin sa ba. Mako biyu kafin takardarki ta zo, wani ya turo mana shi da sunansa. Kin san wani Mukhtar?”

Zulfa ta ji kamar an zare mata kujerar da take zaune.

Ta san shi mana. Tare aka haɗa su aikin kammala digiri. Shi ya zana tsuntsaye da kwalekwalen, ita ta rubuta duk abin da ke motsa su. Bayan sun gama ya koma Kano, ita ta ci gaba ita kaɗai. Bayan ƙaramar salla ya kira ta, ya ce ta turo masa sabon da ta yi, yana so ya gyara zanen zalɓe. Ta tura masa gaba ɗaya, ko tunani ba ta yi ba.

“Na san shi,” ta ce.

“Yana jira a layi. Za mu sako shi, mu ji daga bakin ku biyu.”

Fuskar Mukhtar ta fito a gefe, sanye da farar riga, bayansa bango mai tsabta. Ya gaida mutanen Legas, bai dubi wajen da hotonta yake ba. Da aka tambaye shi, ya yi magana a natse. Ya ce gaskiya ne a makaranta tare suka fara, amma shi ne ya ɗauki aikin ya kai shi inda yake yanzu. Ya ce Zulfa ta taimaka, ba ya musu.

“Na taimaka?” Maganar ta kuɓuce mata da Hausa. “Mukhtar, ni ce na taimaka?”

“Ki bari ya gama,” in ji mai gilashin.

Ta haɗiye sauran. A waje yayyafin ya fara zama ruwa sosai.

Mai gilashin ya ce abin da ya sa suka fi karkata ga Mukhtar shi ne mataki na huɗu. A wanda Zulfa ta turo, da zarar mai wasa ya shiga babbar hanyar ruwa, sai ruwan ya juya ya riƙa gudu baya, ya ja kwalekwalen ya watsa shi cikin gonaki. A na Mukhtar babu wannan. Ya ma rubuta a takardarsa cewa kuskure ne da ya gano ya gyara.

“Wanda ya gyara kuskure, shi ke aiki a kan abu,” in ji mai gilashin. “Ke me ya sa naki yake nan da shi har yanzu?”

Zulfa ta buɗe baki. A daidai lokacin sama ta saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwanon shagon ya ɗauki ƙara har ba ta jin muryar kanta. Ta matso da bakinta jikin kwamfutar ta ɗaga murya.

“Ba kuskure ba ne! Ni na sa shi haka! Idan kacala ta toshe bakin...”

Hotunan suka tsaya cak. Mai gilashin ya daskare da hannu a haɓa. Sannan komai ya ɗauke.

Ta danna, ta sake dannawa. Babu sabis. Sai ta ji sanyi a tafin ƙafarta. Ta duba ƙasa. Ruwa ne ja mai laka yake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya riga ya kewaye ƙafar tebur, yana nufar lungun da batirin yake.

Ruwan kwata ne ya cika, ko jingar ce ta tafi? Ba ta da hanyar sani. Ta kira Isa, kiran bai shiga ba. Ta tsaya daƙiƙa biyu tana kallon kwamfutar da batirin, sannan ta kashe inbata, ta zare wayoyin. Batirin ya fi ƙarfinta. Ta ja shi da ƙyar zuwa bakin benci, ta sa gwiwa ta tura, gefensa ya yanke ta a tafin hannu, amma ya hau. Ta ɗora inbatar a kansa.

Yanzu babu caji. Kwamfutar tsohuwa ce, batirinta ba ya riƙe wuta. Ta nuna kashi talatin da ɗaya.

Ta sauya layi a wayarta, ta hau kan kujera, ta soke wayar a tsakanin ƙarafan ƙaramar tagar sama. Sandar sabis ɗaya ta fito, ta ɓace, ta dawo da ta biyu. Ta haɗa kwamfutar da wayar, ta lalubo abin sawa a kunne cikin kwalin Isa, ta zauna ta naɗe ƙafafunta a kan kujera. Minti tara ta yi ba ta kan layi. Tana danna shiga tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Suna nan. Mukhtar ne ke magana, mai gilashin yana gyaɗa kai yana duba agogo.

“Mun ɗauka kin tafi,” in ji mai gilashin.

“Ruwa ne ya shigo inda nake. Ina roƙon ku minti biyu.”

Falmata, wadda tun ɗazu ba ta ce komai ba, ta matso kusa da kyamara. Sai ta juya harshe zuwa Hausa, Hausa mai ɗan karin mutanen Barno.

“Ƙanwata, numfasa tukuna. Kin ce ba kuskure ba ne. Faɗa mini da harshen da ya fi miki sauƙi, ni zan fassara masa.”

Zulfa ta ja numfashi.

“Ranki ya daɗe, a nan wajenmu idan kacala ta cika bakin hanyar ruwa, ruwan ba ya tsayawa ya jira. Komawa yake baya, ya bi ta inda ya samu, ya shiga gonakin mutane. Waɗanda ke ƙasa su rasa ruwa, waɗanda ke sama ya cinye su. Babana ya kai ni na gani da idona a hanyar Baturiya. Shi ya sa a mataki na huɗu, in mutum ya yi ta tuƙi gaba, ba zai taɓa wucewa ba. Sai ya bar babbar hanya, ya zagaya ta hagu, ya sare kacalar da ke bakin mashigar. Yana sarewa ruwan zai juyo daidai. Ki gwada a nawa. Sannan ki gwada a nasa.”

Falmata ta ɗauki waya. Zulfa na kallon kashi ashirin da huɗu ya koma ashirin da uku. Ruwan ƙasa ya kai sandar farko ta kujera, wani silifas na Isa yana yawo a kai.

“Nata ya juya,” Falmata ta ce da Turanci, ba ta ɗago ba. Ta ɗauki wata wayar. Bayan ɗan lokaci ta ce, “A nasa na sare ciyawar, babu abin da ya faru. Ciyawar tana nan a wurin, amma ba ta da aiki.”

“Na sauƙaƙa shi ne,” in ji Mukhtar da sauri. “Masu wasa ba sa son abin da zai rikita su.”

“A takardarka kuskure ka kira shi,” in ji Falmata.

Mai gilashin ya mayar da gilashinsa. Ya ce labari mai daɗi ba shi ne shaida ba, mutum zai iya sanin garinsu bai san aikin ba. Ya dubi Falmata. Ita kuma ta ce kowa ya nuna musu fuskar kwamfutarsa, za ta ba su aiki na minti goma sha biyar. Aikin Mukhtar shi ne ya mayar da ruwan yadda yake a da. Na Zulfa kuma shi ne ta sa ruwan ya riƙa juyawa sannu a hankali gwargwadon yawan ciyawar da aka sare, maimakon ya juya lokaci ɗaya.

Kashi goma sha tara.

Ta rage hasken kwamfutar har da ƙyar take ganin rubutu. Ta san inda za ta, ko lalube ba ta yi ba. Ta buɗe wurin, yatsunta suna gudu, jinin tafin hannunta yana ɓata madannai. Minti shida ta gama, ta kunna wasan.

Kwalekwalen ya shiga hanya, ta sare kashi ɗaya na ciyawar. Sai jirgin ya kama juyi a wuri ɗaya kamar an ɗaure shi a turke, yana juyi yana juyi.

Suna kallo, dukkansu. Ta ji mai gilashin ya yi gyaran murya.

“Saura minti takwas,” in ji Falmata.

Zulfa ta rufe ido. Me zai sa jirgi juyi? Ruwa biyu ne ke ture shi, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ke nan akwai wani wuri na biyu da ke ba ruwan umarni. Sai ta tuna. A bara, lokacin da ta ƙara iska a wasan, ta rubuta wani ɗan guntun shiri daban da ke kula da bakin mashiga, ta manta da shi. Ta buɗe ido, ta neme shi, ga shi nan. Layi uku ta canja.

Kashi tara. Kwamfutar ta fito da gargaɗi, ta kawar da shi.

Ta sake kunnawa. Ta sare kaɗan, gudun ruwan ya ragu. Ta ƙara, ya tsaya cik, ganyaye suna shawagi a wuri ɗaya. Ta sare sauran, sai ga shi ya miƙe gaba, ya ɗauki kwalekwalen ya wuce da shi.

Falmata ta ce, “Mukhtar?”

Fuskar kwamfutarsa na nuna fayiloli shida a buɗe. Yana hawa yana sauka a cikinsu. Ya ce ya goge wurin ne, kuma bai ajiye tsohon ba. Ya ce in an ba shi zuwa gobe zai yi. Muryarsa ta ƙanƙance.

Mai gilashin ya juyo ga Zulfa. “Tambaya ɗaya ta rage. A cikin wasan nan, akwai abin da yake nasa?”

Ta dubi Mukhtar. A karon farko shi ma ya dube ta. Zuciyarta na tafasa, kuma ta san in ta ce babu, ba wanda zai ƙara tambaya.

“Duk zanen nasa ne,” ta ce. “Tsuntsayen, da jirgin, da gidajen. Ni ko kaza ban iya zanawa ba. Amma abin da ke motsi a ciki, ni na rubuta.”

Mai gilashin ya fara cewa za su tattauna su sanar da ita, bai kai ƙarshe ba kwamfutar ta mutu.

Ta zauna a cikin duhun shagon. Sai yanzu yankan ya fara yi mata zafi. Ta naɗe kwamfutar a leda, ta ɗora a ka, ta kulle shagon, ta fito. Ruwa ya kai mata ƙwauri, kekunan adaidaita sahu biyu sun mutu a tsakiyar titi. Ta tari wata mai abinci da ke kwashe tukwanenta.

“Inna, jingar ce?”

“A'a 'yar nan, kwatoci ne suka cika. Jinga an ce an tare ta.”

Zulfa ta yi hamdala, ta kama hanyar gida.

Da la'asar Isa da Malam Umara suka dawo, laka har wuya. An toshe tsagar, amma gonar shinkafarsu da ke bayan jinga ta tafi gaba ɗaya, ko kan kara ba a gani. Tsohon ya yi alwala, ya yi salla, ya zauna a tabarma yana jan carbi. Zulfa ba ta kawo zancen intabiyu ba, sai da ya lura da tsumman da ta ɗaure hannu da shi ya tambaya. Ta ba shi labari. Da ta zo wurin ruwan da ke komawa baya, ya ɗago.

“Wannan ɗin ne suka ce kuskure?”

“Shi ne, Baba.”

Ya girgiza kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Kwana huɗu babu labari. Ranar Litinin saƙon Falmata ya shigo. Sun ɗauke ta gwaji na wata shida, daga gida za ta riƙa aiki. Ba a kan Kacala ba, wannan sun ce a ajiye shi tukuna, sai ita da Mukhtar sun daidaita a rubuce kan wane ne mai me. Aikinta na farko shi ne gyaran kurakurai a wani wasan tseren motoci da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Mukhtar ya kira sau uku ba ta ɗauka ba. A na huɗu ta ɗauka. Ya ce ta yafe masa. Ya ce wata da watanni yana zaune babu aiki, kullum sai an yi masa gori a gida. Ya ce ya ɗauka ita ba za ta taɓa neman aikin da gaske ba, tunda tana Haɗeja.

“Ka tambaye ni?” ta ce.

Ya sake cewa ta yafe masa.

“Na ji, Mukhtar. Maganar takarda, zan turo maka abin da na rubuta, ka karanta. Sauran kuma ka ba ni lokaci.”

Ta ajiye wayar, ta buɗe jerin da Falmata ta turo. Kurakurai arba'in da uku ne. Na farko ya ce idan mota ta yi karo da shinge ta baya, direban yana faɗowa ta cikin ƙasa ya ɓace. Ta gyara zama ta fara neman inda abin yake.